Gudu da Hutu: Yadda Ƙungiya Za Ta Yi Intabal a Filin Tsere

 

Yau maganar gudu za mu yi, gudun dogon zango. Tambaya ɗaya ce ta yi ta maimaituwa a saƙonninku, kuma kusan kalmominta iri ɗaya ne: "Mun kafa ƙungiya, mu goma sha wani abu ne, kullum bayan asuba muna fita mu yi kilomita biyar ko bakwai, yau wata shida ke nan, amma lokacinmu yana nan inda yake. Me ya rage mana?" Wasu tseren fanfalaki na Legas suke hange, wasu gwajin shiga aikin soja ko ɗan sanda ne a gabansu, wasu kuma so suke kawai su ga minti 30 ɗin nan na kilomita biyar ya koma 25.

To, jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da ka saba ba shi. In kullum taku ɗaya kake ba shi, zai iya wannan takun sosai, ya kuma zauna a nan. Abin da ya rage muku shi ne ku ware rana ɗaya a mako ku shiga filin tsere ku yi abin da masu horarwa ke kira intabal. Ni ina ce masa gudu da hutu. Amma tun yanzu ku riƙe wannan, don a kanta shirin yau ya tsaya: gudu da hutu a cikin ƙungiya aikin gayya ne. Ranar da aka mai da shi gasa, ranar ya fara karya mutane.

Bari mu fara da mene ne shi. Ka ɗauki nisan da ba za ka iya yi a dunƙule da sauri ba, ka yanka shi gunduwa-gunduwa, ka sa hutu a tsakani. Zagaye ɗaya na filin tsere mita 400 ne, don haka kilomita biyar zagaye 12 da rabi ne. Wanda ke yin kilomita biyar a minti 25, kowane zagaye yana cinye masa minti biyu daidai. In ka ce masa ya yi duk zagaye 12 ɗin a minti ɗaya da sakan 55 kowanne, ba tare da tsayawa ba, ba zai kai ba. Amma in ka ce ya yi zagaye ɗaya a haka, ya yi sassarfa ta minti ɗaya da rabi, ya sake, har sawu goma, zai iya. Ka ga ya tara kilomita huɗu a saurin da bai taɓa riƙewa a tsere ba. Zuciya da huhu da ƙafa sun ɗanɗana sabon taku, kuma in ana maimaita musu mako bayan mako, sai su karɓe shi.

Abin ba yau aka fara shi ba. Wani mai horarwa ɗan Jamus, Woldemar Gerschler, shi ya tsara shi tun a shekarun 1930, ya kuma yi aiki tare da wani likitan zuciya mai suna Herbert Reindell. Su da bugun zuciya suke aiki. Ɗan wasa zai yi gudu har bugun ya kai wajen 180 a minti, sai ya huta har ya sauko wajen 120, sannan ya sake. In an ba shi minti ɗaya da rabi bai sauko ba, alama ce an matsa da yawa. Kalmar intabal ɗin ma asalinta hutun take nufi, wato tazarar da ke tsakanin sawu da sawu. Ku lura da wannan, domin yaranmu da yawa hutun suke rainawa. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, ya yi mita 800 a minti ɗaya da sakan 46.6 a birnin Milan a 1939, kuma sai a 1955 aka samu wanda ya karya wannan tarihi. Shekara 16 ke nan.

Bayansa aka yi Emil Zatopek, ɗan Cakoslobakiya, wanda ya ci zinare uku a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952: mita 5,000, mita 10,000, da fanfalaki, alhali ranar ce ya fara shiga tseren fanfalaki a rayuwarsa. Shi mita 400 yake maimaitawa sawu gommai a rana guda. Na faɗi sunansa ne don ku san shi, kada wani ya ce zai kwaikwaye shi ranar Talata mai zuwa.

Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne Roger Bannister na Ingila. Ranar 6 ga Mayu 1954, a garin Oksfod, ya zama mutum na farko da ya yi mil ɗaya, wato mita 1,609, a ƙasa da minti huɗu. Minti 3 da sakan 59.4 ya yi. Ɗalibin likitanci ne a lokacin, ba shi da wani isasshen lokaci. Atisayensa zagaye goma ne da hutun minti biyu a tsakani, kuma tare da abokansa biyu yake yi, Chris Brasher da Chris Chataway. Sun fara da wajen sakan 66 a zagaye, suna ragewa a hankali tsawon watanni. Ranar tseren kuma, Brasher ne ya ja shi zagaye biyun farko, Chataway ya karɓa, sannan shi ya ƙarasa. Sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe, amma mutum uku suka yi aikin.

Haka abin yake har yau a Kenya. A garin Iten, wanda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, Talata ce aka sani da ranar shiga filin tsere. Eliud Kipchoge, duk da sunansa, a sansanin Kaptagat yake zaune da sauran 'yan wasa ƙarƙashin mai horar da shi Patrick Sang, kuma a cikin ayari yake atisaye. In ka kalli bidiyonsu za ka ga layi ne guda, wannan na bin ƙeyar wannan, ana karɓa-karɓar gaba. Ranar 12 ga Oktoba 2019 da ya yi kilomita 42.195 a awa ɗaya da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana, 'yan gudu 41 ne suka yi ta karɓar juna suna ja masa taku. Ba a ƙirga gudun a matsayin tarihin duniya ba, kuma irin wannan taimako yana cikin dalilan. Wannan kaɗai ya ishe ku gane ƙarfin bin bayan wani. In kuna son ku san me ya yi, ku raba: wajen sakan 68 ne a kowane zagaye, har zagaye 105 da rabi. Ku gwada zagaye ɗaya tak a haka, sai mu yi magana.

To me ya sa ayari ke sauƙaƙa gudu? Na gaba yana tare maka iska. Sannan ya ɗauke maka lissafi, kai dai ka kafa ido a bayan rigarsa ka bi, ba ka duba agogo duk taku goma. Ga kuma kunya, wadda a nan alheri ce. Kai kaɗai, in ka kai sawu na shida cikin takwas, zuciya za ta ce maka ya isa haka, ai ka yi ƙoƙari. Amma in mutum biyar sun tsaya a kan layi suna jiranka, za ka tashi.

Sai dai wannan ƙarfin shi ne kuma haɗarin. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauye ya san akwai saurayin da in makaɗa sun kira sunansa sai ya riga kowa kai kunya, ya riga kowa kai ta biyu, kafin rana ta take yana kwance a gindin bishiya, sauran suna ƙarasa masa. Kowace ƙungiyar gudu tana da irinsa. A tamu ma an yi. Wani matashi ya zo mana daga ƙwallo, yana da gudu wallahi, ba a magana. Sawun farko ya ba kowa ratar mita talatin, na biyu haka, a na biyar ya dafa gwiwa, a na shida yana zaune a kan ciyawa. Abin da ya fi damuna shi ne mutum uku da suka bi shi, su ma ba su ƙarasa ba. Mako na gaba kocinmu ya ajiye shi a bayan wani dattijo da ya doshi hamsin, ya ce masa: "Yaro, in ka wuce Baba, ka tafi gida." Ranar ya fara gama sawu takwas cif, yana ta ƙunƙuni wai bai gaji ba. Baba ya ce masa: "Haka ake so, ɗana. Gajiyar ka ajiye ta sai ranar tsere."

Dalilin a jiki yake. Amfanin wannan atisaye yana zuwa ne daga yawan mintocin da ka tara zuciyarka da huhunka suna aiki kusa da iyakarsu. In ka fizga da ƙarfin tsiya a sawun farko, tsoka na ƙona makamashi fiye da yadda iskar da kake shaƙa za ta iya biya, ƙafa ta yi nauyi, cinya ta ɗau zafi, sauran sawun duk su lalace. Wanda ya yi sawu huɗu na hauka ya zube bai tara rabin abin da mai sawu goma a natse ya tara ba. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Yanzu mu zo kan yadda za ku tsara abin. Matakin farko, kada ku raba rukuni da baki. Kowa zai ce shi ɗan rukunin farko ne. Ku sa rana ku yi gwajin kilomita biyar, zagaye 12 da rabi, a rubuta lokacin kowa. Agogo ba ya son kai. Daga nan sai lissafi. Mai minti 20, zagayensa sakan 96 ne. Mai minti 22 da rabi, sakan 108. Mai minti 25, sakan 120. Mai minti 30, sakan 144. Wannan shi ne takun tserenka na yau. Ina jaddada na yau, saboda wasu da lokacin da suke mafarki suke lissafi. In sawun mita 400 za a yi, ku cire sakan huɗu zuwa shida daga wannan adadi, wato mai 120 ya nemi 115, mai 96 ya nemi 91. In kuma dogon sawu ne, mita 800 ko 1,000, ku tsaya a kan takun tseren, kada ku cire komai.

Ku haɗa waɗanda lokacinsu ya yi kusa, mutum huɗu zuwa takwas a rukuni. In sun fi haka za a riƙa taka dugadugan juna a kwana. Wanda ya faɗo tsakanin rukuni biyu, ya shiga na ƙasa. Gara ka zama mai ƙarfi a rukunin da za ka gama, da ka zama jela a rukunin da zai yar da kai a sawu na huɗu. Kuma ba zaman dindindin ba ne, duk bayan mako shida ana sake gwaji, mai hawa ya hau.

A cikin rukuni, kowane sawu yana da mai jan ragama. Shi ke gaba, shi ke riƙe da lokacin, kuma doka ɗaya ce: ba a wuce shi. In an ce 115, to a rabin zagaye, wato mita 200, ya kamata agogonsa ya nuna 57 ko 58. In ya ga 52, ya sassauta a hankali, kada ya taka birki. Sawu na gaba wani ya karɓa, shi ya koma baya ya sha inuwa. A haka kowa zai koyi jin taku a jikinsa, wanda shi ne babban abin da ke raba mai tsere da mai gudu kawai. Wanda ya san yadda sakan 120 yake a ƙafarsa, ranar tsere in jama'a suka fizga da gudu a farko ba zai bi su ba, kuma a kilomita na huɗu zai riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya.

Ku samu kuma mai riƙe agogo da usur a bakin layi, yana kiran sakan da ƙarfi in kun zo wucewa, yana rubutawa. Wanda ke jinyar ƙafa ko wanda bai jin daɗi ranar, ga aikinsa nan, bai kamata ya zauna a gida ba. Hutu kuma tare ake yin sa. A fara ƙirga shi in na ƙarshe a rukuni ya shigo, a yi sassarfa ko tafiya tare, a dawo layi tare. Kada a zauna, kada a kwanta. In ka tsaya cak bayan gudu mai ƙarfi jini na taruwa a ƙafa, shi ya sa wasu ke jin jiri. Ci gaba da motsi yana taimaka wa jini ya koma zuciya.

Ta yaya za ku san atisayen ya yi kyau? Ku duba takardar mai agogo. In kun ga 115, 116, 115, 114, 116, 115, 114, 113, wannan rukuni ya ci jarrabawa. In kun ga 104, 108, 113, 119, 126, sai kuma babu komai a gaba, wannan tsere aka yi, kuma an faɗi. Sawun ƙarshe ya yi daidai da na farko, ko ya ɗan fi shi da sakan ɗaya ko biyu. Sannan ka bar filin kana jin cewa da an ce a ƙara ɗaya, da ka iya. Wannan ɗayan da ka bari shi ne zai dawo da kai mako mai zuwa da lafiyarka.

Kafin a fara duk wannan, a ɗumama jiki. Minti 10 zuwa 15 na sassarfa, duk ƙungiya tare, manya da ƙanana, a nan ake gaisawa da hira. Sai a ɗan wurga ƙafafu gaba da baya, a ɗaga gwiwa, a yi gajeren gudu na mita 80 kamar sau huɗu, ana ƙara sauri a hankali. Wanda ya makara ya tarar an fara, ya je ya ɗumama jikinsa tukuna ya shigo a sawu na uku. Tsokar bayan cinya ba ta san uzurin cewa ba ka samu adaidaita da wuri ba. In an gama kuma a yi minti 10 na sassarfa a huce.

Filin tsere yana da ladabinsa, kuma rashin saninsa na sa a hana ƙungiya shiga. Ku fara neman izinin masu kula da filin, ku san lokacin da 'yan wasan jiha ko 'yan ƙwallo ke amfani da shi. Ana zagayawa ne hannun hagu na ciki. Layi na ɗaya na wanda ke cikin sawu ne, masu hutu da masu tafiya su koma layukan waje. In za ka wuce wani rukuni, ta damansu za ka bi. In ka gama sawu kada ka tsaya a kan layi na ɗaya kana haki, akwai masu zuwa a bayanka, ka waiga ka fice gefe. A cire abin kunne, domin kana buƙatar jin usur da takun na baya. Kuma ku sani mita 400 ɗin a layi na ɗaya take. Layi na biyu ya fi shi da kusan mita 7, na takwas ya haura mita 450. Don haka wanda ya yi zagayensa duka a layi na uku yana kafaɗa da kafaɗa da mai ja, ya yi gudun da ya fi na kowa ba tare da ya sani ba. Ku bi layi ɗaya, in ya yi yawa biyu-biyu. Wajen ɗumama jiki da hucewa kuma, in fili ba cunkoso, ku juya ta ɗaya hannun a layukan waje, don kada ƙafa ɗaya ta riƙa ɗaukar nauyin kwana kullum.

Sau nawa a mako? Sau ɗaya. Waɗanda suka daɗe suna iya ƙara rana ta biyu mai ɗan ƙarfi, amma da kwana biyu a tsakani. Wani masani mai suna Stephen Seiler, da ya yi nazarin yadda manyan 'yan wasan dogon zango ke atisaye, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne. Saboda haka gudunku na sauran ranaku ya zama wanda za ku iya hira a cikinsa. In Talata ta yi zafi, Laraba ta yi sanyi. Jiki a lokacin hutu da barci yake gina abin da ka nema a fili. Sabon shiga kuma, wanda bai kai ya yi minti 30 yana gudu ba tsayawa ba, ya yi haƙuri tukuna, ya yi wata ɗaya ko biyu yana tara ƙafa. Ciwon ƙwauri da ciwon agara yawanci daga gaggawar nan suke zuwa.

Ga tsarin mako shida da za ku iya ɗauka. Makon farko, mita 400 sawu shida, hutun minti ɗaya da rabi. Na biyu, sawu takwas. Na uku, mita 800 sawu huɗu, hutun minti biyu. Na huɗu a sauke nauyi, mita 200 sawu takwas a natse, a tashi da wuri. Na biyar, mita 1,000, wato zagaye biyu da rabi, sawu huɗu, hutun minti biyu da rabi. Na shida a sake gwajin kilomita biyar. Rukunin ƙasa su rage sawu ɗaya ko biyu a kowane mako, ba abin kunya ba ne. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In kun ƙara sawu, kada ku rage hutu a ranar, kada kuma ku ƙara sauri.

Yanzu maganar da ba na wasa da ita, lafiya. Wanda ke da zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga maleriya ba, ba ya shiga sawu, ko da ya rantse ya warke. Na biyu, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Mai AS yana gudu lafiya lau, akwai manyan 'yan wasa masu shi, amma gudu mai tsanani a jere ba isasshen hutu, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya jawo masa mummunar matsala. Kowa ya san jininsa, ya kuma gaya wa koci. In mai AS ya ce ƙafafunsa sun saki, ko numfashinsa ya sauya, a tsayar da shi nan take, kada wani ya ce masa rago. Mai SS kuwa sai da shawarar likitansa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya fara magana ba kan gado, ko ya fara tangaɗi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a nufi asibiti. Sannan maganar ƙwaya. Wanda ke haɗiyar Tramadol ko wani maganin kashe zafi don ya jure sawu, yana kashe ƙararrawar da jiki ke buga masa ne. Ƙungiya kada ta kau da kai a kan wannan.

Lokaci ma yana cikin lafiya. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Kano, don haka bayan asuba ne lokacinku, kafin rana ta ɗaga. Kowa ya zo da ruwansa. Da hunturu kuma, ranar da ƙura ta yi yawa, mai asma ya zo da maganinsa ko ya riƙe mana agogo. Da azumi, kada a yi sawu mai ƙarfi da rana baki a bushe. A mai da shi dare bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ko a rage shi sosai har bayan salla.

Na san wani zai ce, mu garinmu babu filin tsere. Ba matsala. Ku samu filin ƙwallon makaranta ko wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da babu motoci, ku yi aiki da lokaci a maimakon nisa. Minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya sassarfa, sau goma. Wannan dangin abin da ake kira fatlek ne, wanda wani mai horarwa ɗan Siwidin, Gosta Holmer, ya fito da shi a shekarun 1930, ma'anarsa wasa da sauri. 'Yan Kenya na yin sa a hanyoyin ƙasa, ayari guda. Daɗinsa shi ne usur ɗaya ya ishi kowa. In an busa hutu, na gaba su juyo su tarbi na baya, a sake tashi tare. 'Yan'uwa mata da ke da ƙungiyarsu daban, ko suke atisaye a harabar makaranta, wannan tsarin zai yi muku daidai, kuma lissafin rukuni da dokar mai jan ragama duk ɗaya ne.

Tun da aka fara tseren fanfalaki na Legas a 2016, galibi 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuma 'yan Filato, musamman na yankin Pankshin, su ne suka yi suna. Mutane kan ce ai tudu ne da sanyi. Gaskiya ne suna taimakawa, kuma ba za mu iya ɗauko tudun Iten mu kawo Kano ba. Amma ayari mai bin doka, da agogo, da takarda, da haƙurin maimaita abu ɗaya wata da watanni, wannan ba sai da biza ba.

Aikin gida na wannan mako: ku yi gwajin kilomita biyar, ku raba rukuni, ku zaɓi mai agogo. In kun yi Talatarku ta farko, ku ɗauki hoton takardar lokutan ku ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu. Ba mai sauri nake nema ba, rukunin da sawunsa na ƙarshe ya yi daidai da na farko shi zan ambata a shiri na gaba. A shirin kuma za mu yi maganar dogon gudun ƙarshen mako, da abin da ya kamata mutum ya ci kafin ya fita.

Wanda ya san wata ƙungiya da ke buƙatar wannan, ya tura musu.  Allah ya ƙara mana lafiya, ya tsare mana gwiwoyinmu. Sai mun haɗu.